Jawabi A Kan Kalmar "Remit"

Yau zan yi muku bayanin wata kalmar Turanci wadda ba safai a kan ji ta a kasuwa ko a wurin hira ba. Mazauninta takardun ofis, da na shari'a, da na banki. Kalmar kuwa ita ce remit. Ana faɗinta "rimit", a ƙarfafa murya a kan gaɓar ƙarshe. In aikin ya riga ya wuce, sai a rubuta remitted, da harafin t guda biyu.

Abin da ya sa na zaɓe ta, kalma ce mai baki biyu. A wata takarda nufinta ka fid da kuɗi ka biya, a wata kuwa nufinta ka riƙe kuɗinka, an yafe maka. Wanda bai rarrabe ba, ko dai ya biya abin da ba a binsa, ko kuwa ya kwanta a kan bashi har sammaci ya ishe shi gida.

Turawan Ingila sun aro ta daga harshen Latin tun fiye da shekara 500 da suka wuce. Can asali gaɓa biyu ce, ɗaya "baya", ɗaya "aika". Watau mayar da abu, ko kuwa sakin abin da aka riƙe. Daga wannan saiwa ma'anoninta huɗu suka tsiro.

Ta fari ita ce aika kuɗi. In takarda ta ce, "Please remit N5,000," ana nufin ka aika da Naira 5,000 zuwa ga mai takardar. Kuɗin da aka aika kuwa sunansu remittance. Haka a ke kiran abin da matafiya ke aiko wa iyalinsu daga ƙasashen waje. Ba ƙaramin abu ba ne, gama Bankin Duniya ya lissafa abin da aka aiko Nijeriya ta wannan hanya cikin 2023 ya kai kusan dala biliyan 20.

Ta biyu ita ce yafe tara, ko bashi, ko horo. In an rubuta, "The fine is remitted," to, an ɗauke maka tarar ke nan, ba ka biyan ko kwabo. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yi aiki da wannan kalma a sashe na 175, inda ya ba Shugaban Ƙasa ikon yafe horon da aka yanke wa mutum, duka ko wani yanki nasa. Sashe na 212 ya ba Gwamnan jiha irin wannan iko. Amma ku lura, horon aka ɗauke, ba a ce mutumin bai yi laifi ba.

Ta uku ta alƙalai ce. In an ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta kan mayar da magana ga ta ƙasa domin a sake dubawa, sai a rubuta, "The case is remitted." Nan ba a yafe kome ba, ba kuwa wanda ya ci. Mai ƙara ya tara shaidunsa, ya tambayi ranar da za a sake zama. In ya koma gida yana murna ya ƙi zuwa, ana iya korar ƙararsa.

Ta huɗu ta likitoci ce. In zazzaɓi ko wata cuta ta lafa, su kan ce tana cikin remission. Lafawa kuwa ba warkewa ba ce, saboda haka kada majiyyaci ya yar da magani sai likita ya ce.

To, yaya mutum zai gane wadda a ke nufi? Ku yi wa takardar tambaya biyu: wane ne mai yin aikin, kuma a kan me ya yi shi? Ga misali da haraji. In maigidan da ka ke yi wa aiki ne ya yi remit ɗin harajin da ya cire daga albashinka, ya kai wa hukuma ke nan. In hukuma ce da kanta ta yi, ta yafe ke nan. Kalma ɗaya, haraji ɗaya, amma mai aikin ya bambanta. Wanda a ke bi, shi ke aikawa. Wanda ke bi, shi ke yafewa.

Kada kuma ku haɗa ta da 'yan'uwanta masu kama da ita, kamar permit, watau ba da izini, da omit, watau tsallake abu. Kama da wane ba ta wane.

Daga ƙarshe, in irin wannan takarda ta zo muku, ku karanta jimlar tun daga farkonta har ƙarshe kafin ku taɓa aljihu ko ku sa hannu. In da sauran shakka, ku kai wa wanda ya sani ya duba muku. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.