Lissafin Makaranta da Aikin Ofishin Hakimi

Maganata yau a kan lissafi iri biyu ne da yaranku ke koyo a makaranta, watau aljabara da awon fili. Waɗansu suna zaton aikin allo ne kurum. Alhali kuwa sau da yawa rigimar rabo da ta gona da ake kawowa gabanku, wannan lissafi ne ke kwance ta.

Ilmin nan ba baƙo ba ne gare mu. Kalmar aljabara ta fito daga sunan littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. A cikinsa har da babin awon ƙasa da na wasiyya da gado.

Mu fara da aljabara. A ce an aiko da taki buhu 90 a raba wa ƙauyuka biyu, babban ya ɗara ƙaramin da buhu 14. Mai gaggawa sai ya raba biyu, 45 da 45, ya ɗebe 14 daga nan ya ƙara can. Ya ba da 59 da 31 ke nan, bambancin ya zama 28, an kuwa zalunci ƙaramin ƙauye. Ga hanyar da ta dace. Abin da ba a sani ba a sa masa harafi. Kason ƙaramin ƙauye K ne, na babban K da 14. In an haɗa, K biyu da 14 daidai suke da 90. Lissafin nan kamar sikeli yake: abin da aka ɗebe a hannu ɗaya, tilas a ɗebe shi a ɗayan. A fid da 14 ko'ina, K biyu ta zama 76, K ɗaya 38. Ƙaramin ƙauye buhu 38, babban 52.

Sai awon fili. Ga gona mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, ga wata mai tsawon mita 150 da faɗin mita 50. Wanda ya zaga su da ƙafa zai sami mita 400 a kowace, ya ce ɗaya suke. Amma girman fili tsawo ne sau faɗi. Ta farko murabba'in mita 10,000 ce, watau hekta guda, ta biyu kuwa 7,500. In aka biya su diyya ɗaya, lalle an tauye wani.

Gona mai kusurwa uku, a auna gindinta, a auna tsayinta daga gindin zuwa tsini a miƙe sak, a buga ɗaya sau ɗaya, sa'an nan a ɗauki rabi. Karkatacciyar gona kuwa a yanyanka ta da igiya zuwa masu kusurwa uku, a auna kowane yanki, a tara.

Yaya za a san layin tsayin ya tsaya daidai bisa gindin? A sami igiya mai tsawon mita 12, a ƙulle bakinta biyu, a ja ta a kan turaku uku yadda gefunan za su zama mita 3 da 4 da 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce madaidaiciya, domin 3 sau 3 da 4 sau 4, watau 9 da 16, sun ba da 25, wanda shi ne 5 sau 5. Mutanen Babila sun san wannan ƙa'ida fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Tana kuma da amfani wajen fid da harsashin gini.

Roƙona gare ku, malamai, kada ku shigar da amsa cikin littafi sai kun mai da ita cikin tambayar kun gwada. Shin 38 da 52 sun cika 90? Shin bambancinsu 14 ne? Gwajin nan ba ya cin lokaci, amma kuskuren da aka riga aka sa wa hannu yakan kai mutane gaban alƙali. Hakimai kuma, kafin ku sa hannu, ku ce a nuna muku yadda aka yi lissafin.

Allah ya ba ku nasara. Haza wasalam.