Takobin da ke Tambarin Birnin Landan

Yau za mu leƙa tsohon birnin Landan, wancan ɗan yankin da ya ɗan wuce murabba'in mil ɗaya, inda bankuna suka yi cincirindo. Tambarinsa farar garkuwa ce mai jan gicciye, sai jan takobi a kusurwar sama ta hagu, tsininsa na kallon sama. Gicciyen na Waliyyi Joj ne, wanda Ingila ke ɗauka majiɓincinta, kuma ba a ja-in-ja a kansa. Takobin ne ake ta cacar baki a kansa.

Labarin da ya fi yawo shi ne wai wuƙar magajin gari William Walworth ce. A watan Yunin 1381 talakawa suka yi bore saboda harajin kai, suka shigo Landan ƙarƙashin Wat Tyler. Ranar 15 ga wata, a filin Smithfield, gaban Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, Walworth ya soki Tyler, boren ya watse. Sai aka ce tukuicin wannan ne aka sa wuƙar a tambari. Labarin da daɗin ji, amma kwanan wata ya ƙaryata shi. Hatimin magajin gari mai ɗauke da gicciyen da takobin an fara aiki da shi tun 17 ga Afrilun 1381, wata biyu kafin a zub da jinin Tyler. Ba a yi wa mutum tukuici kan aikin da bai riga ya yi ba. Takobin na Manzo Bulus ne, majiɓincin birnin, wanda Kiristoci ke cewa da takobi aka sare masa kai a Rum, kuma babbar majami'ar Landan sunansa take ci.

Wani zai ce, ai wuƙar tana nan, ƙungiyar masu sayar da kifi, wadda Walworth ɗanta ne, na ajiye da ita har yau. Haka ne, sai dai samuwar wuƙa shaida ce kan kisan, ba kan zanen ba. Wani kuma ya ce makamin da ke tambarin gajere ne, ya fi kama da wuƙa. To, mai zane kusurwa ɗaya kawai ya samu, dole ya rage tsawo. Musun ma ba sabo ba ne: marubucin tarihin birnin, John Stow, ya yi watsi da labarin wuƙar tun 1598.