Kuɗin Kwashe Shara: Kada A Share Gari A Zuba A Burtali

Ga jawabin da magatakardan wani reshe na ƙungiyarmu ya yi gaban makiyaya da magabata, a taron da aka yi bayan sakin gonaki. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin wanda bai samu zuwa ba a karanta masa.

Ranku ya daɗe sarakunanmu. Ina gaida shugabannin ruga, da wakilan hukuma, da ma'aikatan kiwo. Ina gaida iyayenmu mata da suka baro tatsa suka zo. Ƴan uwa makiyaya, Fulani da Abzinawa da Hausawa, sannunku da hanya.

Yau ba maganar ɓarnar gona na zo da ita ba, ba kuma ta rijiya ba. Maganar shara ce. Na san wani zai ce mi ya haɗa makiyayi da sharar birni. To ku ba ni hankalinku kaɗan.

Mun ji labari ana shirin ba ƙaramar hukumarmu tallafin gwamnati domin a kwashe bololin da mutane suka tara ba bisa ƙa'ida ba. Wannan abu ne mai kyau, mun yi murna. Bola cikin unguwa tana toshe magudanar ruwa, tana tara sauro da ƙuda, yara suna wasa cikinta. Mu ma muna da dangi cikin gari, ba mu so musu cuta. Amma akwai tambaya guda da ban ji kowa ya yi ba: in an kwashe, ina za a zuba?

Abin da ya sa nake tambaya, na taɓa gani da idona. Shekarun baya an yi irin wannan aiki a wani gari da muke yada zango kusa da shi kowane rani. An samu kuɗi, an ɗauki samari aiki, motoci sun yi kwana da kwanaki suna jigila. Gari ya yi fes, kowa na sa albarka. Da muka sauko, sai muka tarar da sharar nan gaba ɗaya a bakin burtali, kan hanyar tabkin da muke shayarwa. Direbobi sun duba sun ga fili ba gona ba gida, suka ce daji ne, ba shi da mai shi. Iskar hunturu ta bi ta watsa leda, kowace ƙaya ta ɗauki rabonta. Kai ka ce hankaki ne suka sauka bisa itatuwa.

A ranin nan na rasa saniya azawak mai shayarwa, wadda na gada daga garken mahaifina. Ta fara rage cin abinci, ta daina tuƙa, nono ya janye. Ciki ya yi tulu, ƙashin baya ya fito. Na ba ta kanwa, na ba ta maganin tsutsa, na sayo dusa da bashi. Da na ga za ta yi mushe na kira mahauci. Da ya farka tumbi, abin da ya fito dunƙule ne na leda da igiya da tsumma, ya murɗe ya yi tauri kamar dutse, sai da hannu biyu ya ɗaga shi. Saniyar da za ta yi jika ɗari biyu a kasuwa, kuɗin da na karɓa bai kai na tunkiya ba. Maraƙinta bai kai damina ba. Ba wanda ya biya ni, ban ma san ƙofar da zan buga ba. Na tabbata cikinku akwai masu labari irin nawa. Wanda ke shakka ya je mahauta da sassafe ya tambayi masu wankin tumbi.

Likitocin bisashe sun yi mana bayanin yadda abin yake. Saniya ba ta tsince abinci da leɓe kamar akuya. Da harshe take naɗowa ta haɗiye, sai daga baya ta tuƙa. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko mai ko gishiri tana riƙe da ƙanshi. A bazara kuwa, lokacin da ciyawa ta ƙare, jikin dabba na neman gishiri, har ƙashi da tsumma take tauna. Leda ba ta narkewa cikin ciki, ba ta kuma fita. Tana taruwa har ta cika wurin abinci, dabba ta mutu da yunwa alhali cikinta cike. Babu allura ko ɗuri da ke narkar da ita, sai dai fiɗa, kuma mu nawa ne ke da likitan fiɗa kusa da ruga?

Ba leda kaɗai ba. Ƙusa da guntun waya in an haɗiye su suna sauka cikin ƙaramin tumbi da ke dab da zuciya, su huda. Tsohon batirin mota akwai darma cikinsa, maraƙi ya lasa ya makance, ya riƙa cizon haƙora, ya faɗi. Ga kwalba da ke yanka kofato. Ga allurar asibiti da yaranmu ke takawa. In an cinna wa bola wuta iska ta kwashe ta, ciyawar shekara guda ta tafi cikin yini ɗaya. In ruwa ya sauka kuma, duk dauɗar tana gangarawa tabkin da mu da bisashe muke sha.

Yanzu bari mu zo ga doka, domin ba roƙo muke ba, muna da hujja. Kundin tsarin karkara na 1993 shi ya kawo kwamitocin kula da filaye da muke kira Kofo, tun daga ƙauye har zuwa sama, kuma makiyaya suna da kujera cikinsu. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda gwamnati ta amince da shi. Burtali da makiyaya dukiyar ƙasa ce ta kowa da kowa, ba mai ikon mallake su shi kaɗai. To in an hana manomi ya ci burtali da garma, ta yaya za a bar mota ta ci shi da shara? Sa'an nan a watan Nuwamba 2014 aka yi dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da leda maras kauri a Nijar. Ku shiga kasuwa gobe ku gaya mini ko ta ɓace. Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta hana a 2017, kuma can an bi da tara da kamu. Doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an ɗauke ta.

Kuɗin kuma na wa ne? A 2008 gwamnati ta kafa hukumar ANFICT domin tallafin ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta hannunta. Ko ta nan kuɗin ya biyo ko ta wata hanya, daga aljihun talaka ya fito. Duk ranar kasuwa, kowace saniya, kowane rago, kowane raƙumi da aka sayar sai an yanka masa tikiti. Garuruwa da dama kasuwar bisashe ce babbar tukunyarsu. Saboda haka muna da bakin magana. A 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Kansilan da muka saba kai wa kuka ba ya bisa kujera, wajibi ne mu je ofis da ƙafarmu, da takarda a hannu.

Ga abin da kwamitin reshe ya shirya mu nema. In kun yarda, yau za mu sa hannu.

Na ɗaya, kafin mota ta ɗauki ko kwando guda, a nuna wurin zubawa. Kofo ta je, wakilin makiyaya da na manoma su je, a rubuta a sa hannu. Kada wurin ya kasance kan burtali, ko cikin makiyaya, ko inda ruwa ke gangarawa tabki da rijiya.

Na biyu, a kewaye wurin da katanga ko waya, a sa mai gadi, a riƙa rufe shara da ƙasa domin kada iska ta ɗauka. Kuɗin shinge ya fito cikin tallafin tun farko. Tun ran gini tun ran zane.

Na uku, bololin da ke kan burtali da bakin mashaya su shiga lissafin waɗanda za a kwashe. Su ma ba bisa ƙa'ida aka tara su ba. Kada a tsaya ga na bakin titi da manyan baƙi ke gani.

Na huɗu, a liƙa takarda a ƙofar ofis, a kuma faɗa a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamashek: nawa aka samu, wa aka ba aikin, mota nawa za ta yi jigila. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai kwamiti ya je ya ga inda ya zuba.

Na biyar, a ɗauki samarinmu cikin aikin, a ba su safar hannu da takalmi. Su suka san kowane lungu na daji da ake zuwa zubarwa da dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa. Ba duk shara ce abokiyar gaba ba. Mafi yawan sharar gidajenmu rairayi ne da toka da kashin awaki da ƙaiƙayi, shi ya sa manoma ke kai ta gona da amalanke. A yankin Dogon Dutsi wani malamin jami'ar Kyoto ta ƙasar Japan ya yi shekaru yana gwada zuba sharar gari bisa faƙo. Gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu wurin shiga, ciyawa ta tsiro inda da ko tsinke babu. To mu ba mu ƙi taki ba. Abin da muke cewa, a tsince leda da batir da kwalba da allura tukuna, a kuma yi da saninmu.

Mu ma da namu laifin. Ranar kasuwa wa ke komawa ruga da sukari da shayi da gishiri, kowanne cikin ledarsa? Ina muke jefa ta? Ina muke jefa kwalbar allurar da muka yi wa shanu? Iyayenmu da ƙwarya da jakar fata suka yi cefane. Kowace ruga ta haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne abin da ba ya ruɓewa. A hana yara kora garke bakin bola don sun ga ɗan ɗanyen ganye. A tanadi gishiri da kanwa tun kaka, dabbar da ta samu lasa ba ta cika bin tsumma ba. Wanda ya ga mota tana juye shara a daji ya riƙe lambarta da ranar, ya kawo wa ƙungiya. Kada ya yi faɗa da direba, shi ma aiko shi aka yi.

Ƴan uwa, tsintsiya ɗaya ba ta shara. In ni kaɗai na je ofis, za a ba ni kujera da ruwan sanyi a ce in dawo jibi. In takarda ta je da hannun ruga hamsin, za a karanta ta. Bayan sallar azahar takardar tana nan gindin bishiya, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Ranar Litinin mutum biyar za su kai ta, biyu cikinsu mata, domin in nono ya janye su ke fara sani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana garkunanmu, ya ba magabatanmu ikon yin adalci. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.