Amsar Takardunku: Shin Tarin Fuka Gado Ne?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Ringim. Ya ce tarin fuka ne ya yi ajalin mahaifinsu, yanzu kuma ƙanensa ya fara tari, alhali shi da ya yi wata da watanni yana jinyar tsohon ko atishawa bai yi ba. Ga shi gidan da ɗansa ke neman aure sun fara ja da baya, wai cutar a jinin zuriyarsu take. Yana tambaya ko hakan gaskiya ne.

To Malam, Allah ya jiƙan tsoho, ya ba ƙanenka lafiya. Tarin fuka dai ba a gadonsa. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano tun 1882. A iska take tafiya idan mai ciwon ya yi tari. Abin da ya sa take bin gida ɗaya shi ne ɗaki ɗaya ake kwana, musamman da hunturu, lokacin da muke toshe taga da tsumma saboda sanyi.

Sai ka ce, to ni me ya hana ta kama ni? Wataƙila ma ka shaƙe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayar, amma cikin ɗari, 5 zuwa 10 ne kawai ciwon ke kayarwa. Sauran garkuwar jikinsu ta danne ta.

A nan ne maganar surukan naka take da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ɗan kaɗan. Ka san yadda gero ke gadon tsawon zangarniya daga iri. Mu ma muna karɓar ƙwayoyin gado daga uwa da uba, kowace da aikinta. Akwai wata da masana ke kira CD209. Ita ce ke ƙera wata 'yar ƙugiya a jikin wasu sojojin garkuwa masu tsaron fata da huhu. Masana a ƙasar Holan ne suka sa wa ƙugiyar suna DC-SIGN a 2000. Aikinta kama sukari. Ba sukarin shayi ba fa, kuma ba ruwanta da ciwon sukari. Ƙwayoyin cuta da yawa bayansu lulluɓe yake da wani irin sukari, kamar riga. Da ƙugiyar ta taɓa rigar nan sai ta cafke, sojan ya haɗiye ƙwayar, ya kai wa sauran rahoto su yi shiri.

Amma ƙwayar tarin fuka tsohuwar ɓarauniya ce. A 2003 aka nuna cewa takan bi ta wannan ƙugiya ta shige cikin sojan, har ta rage masa kuzarin kai rahoto. Ƙwayar ƙanjamau ma tana maƙalewa a ƙugiyar.

Ƙwayar gadon nan ta ɗan bambanta tsakanin mutane. Wani bincike a Afirka ta Kudu a 2006 ya ga kamar wani samfurinta na ba da kariya. A 2008 aka duba mutanen Gambiya da Gini da Gini Bisau da Malawi, sai sakamako ya saɓa wa na farko. Ka ji fa. Abin da masana da na'urorinsu ba su daidaita a kai ba, ban ga dalilin da za a fasa aure a kansa ba. Ciwon da ake gada da gaske, wanda ya kamata yaro da yarinya su yi gwajin jini a kansa kafin a sa rana, shi ne sikila.

Abubuwan da suka fi karya garkuwa a fili suke: ƙarancin abinci, irin na tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona, sai ƙanjamau, ciwon sukari da shan taba. Ka duba ko ɗaya cikinsu ya taɓa ƙanenka.

Yanzu abin gaggawa shi ne ƙanen nan naka. Tarin da ya kai mako biyu, balle da zufar dare da rama, na asibiti ne. Ka kai shi Babban Asibitin Ringim a gwada kakinsa. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Wata shida ake shan maganin, kullum. Bayan 'yan makonni zai ji ƙarfi, ya ce zai koma gona ko kasuwa ya ajiye ƙwayoyin. Kada ka yarda. Haka ake samun tarin da ba ya jin magani, kuma jinyarsa ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Kai ma da ka yi jinya a duba ka, da duk yaran gidan, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, don akwai maganin rigakafi ga waɗanda suka zauna da mai ciwon. A buɗe tagar ɗakinsa. Madarar shanu kuma a tafasa ta kafin a sha, domin shanu ma suna da nasu tarin da ke kama mutum. Idan ya gama wata shidan aka sake gwaji, ka ɗauki takardar asibitin ka kai wa waliyyin yarinyar ya gani da idonsa.