RUWAN CIYAWAR TEKU DA NOMAN WAKEN SOYA

Wannan shi ne jawabin da wani malamin gona ya yi wa manoman waken soya na yankin Birnin Kudu da Gwaram. An kawo shi nan domin ɗaliban yaƙi da jahilci su karanta, su kuma karanta wa 'yan'uwansu.

Malamin ya fara da cewa tsadar takin zamani ta sa manoma suna neman kowace irin dabara. Ya ce a cikin abubuwan da ake talla yanzu akwai wani ruwa da ake tatsa daga ciyawar teku. Wannan ciyawa a cikin ruwan gishiri take tsirowa. An fara sayar da ruwanta a Ingila tun wajen 1950. Yanzu ana yin sa a Kanada da Indiya da Afirka ta Kudu. A tsibirin Zanzibar kuwa, mata suna noma ciyawar a bakin teku tun 1989.

Ya ce ruwan nan ba taki ba ne. Abincin shuka da ke cikinsa ɗan kaɗan ne. Aikinsa shi ne ya zaburar da shuka. Yakan sa saiwa ta yi yawa, ta ƙara jan ruwa da abinci daga ƙasa. Yakan kuma taimaki shuka ta jure in ruwan sama ya ɗauke na 'yan kwanaki. A wani gwaji da aka bayyana a 2009, wanda aka yi a Indiya, waken da aka fesa wa ruwan ya ba da ƙarin amfani sama da rabi. Amma a wasu wuraren ƙarin bai taka kara ya karya ba. Ƙasa ta bambanta, damina ma ta bambanta.

Don haka ya ja kunnen manoma kada su bar abubuwa uku. Na farko, iri mai kyau, kamar TGx 1448-2E, wanda ke rage ƙuduji a gona. Na biyu, takin sufa, domin waken soya yana son sa ƙwarai. Na uku, garin NoduMax na cibiyar IITA ta Ibadan, wanda ake cuɗa iri da shi a inuwa ranar shuka. Shi ke sa saiwa ta yi ƙulalai, waɗanda ke samar wa shuka abinci daga iska. Ya ce a tuge gindi ɗaya lokacin fure, a fasa ƙululu. In cikinsa ja-ja ne, to yana aiki.

Wanda ya cika waɗannan, in ji shi, yana iya gwada ruwan ciyawar. Amma kada ya fesa wa gona duka. Ya ware kunya goma ya fesa, ya bar kunya goma a gefe. Iri ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. A fesa wajen wata guda bayan shuka, a sake lokacin fure. A yi feshin da sassafe ko da yamma. A wanke injin feshi sosai, kada ragowar maganin ciyawa ya ƙona waken. A bi awon da aka rubuta a jikin kwalba, a duba ranar lalacewarsa. A nan ne karatu yake yi wa manomi rana.

Da kaka, a sussuke kowane kashi dabam, a auna da kwano, a rubuta. In kuɗin ƙarin waken ya fi kuɗin kwalba da ladan feshi, an ci riba. In bai kai ba, a mai da kuɗin kan takin sufa. Gani ya kori ji.

Daga ƙarshe ya roƙi manoma su nuna wa malaman gona na hukumar JARDA duk kwalbar da aka tallata masu, kafin su fid da kuɗinsu.