KARATU DA SAURI, KARATU DA FAHIMTA

(Jawabin da kwamitin ilmi na ƙungiya ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai a Sabo, Badun.)

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne yadda yaro zai karanta rubutu da sauri, ya kuma fahimci abin da ya karanta. Wani zai ce, to, ai yaranmu duk sun iya karatu. E, sun iya haɗa baƙi. Amma haɗa baƙi daban, karatu daban. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, alhali da yawansu suna zuwa makaranta.

Mu da muke zaune a nan Kudu, kayan yaranmu ya fi nauyi. Yaro ya tashi da Hausa a gida, ya fita titi ya yi Yarbanci, da yamma ya je Islamiyya ya yi Larabci, ranar jarrabawa kuma a ce sai Turanci. A jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a kan kwamfuta, wato sakan 40 ke nan ga kowace tambaya. Idan aka ba yara biyu labari mai kalmomi 400, wanda ke karanta 200 a minti ya gama cikin minti biyu, mai karanta 100 kuwa sai ya yi minti huɗu, watakila ma ya sake komawa farko. Ga ilmin a kansa, amma lokaci ya cika bai kai ƙarshe ba. Kuɗin makarantar da uba ya tara da gumi, haka yake zubewa.

To, mene ne ke jawo nawa? Tun a ƙarshen shekarun 1870 wani likitan ido na Faransa mai suna Emile Javal ya bayyana cewa ido ba ya bin layi a miƙe, tsalle yake yi kamar fara: ya dira, ya tsaya, ya sake tashi. Masu bincike na baya sun auna, suka ga kowace tsayawa ba ta wuce kamar rubu'in sakan ɗaya, kowane tsalle kuma kamar baƙi 7 zuwa 9 ne a rubutun Turanci. Idan kalmar sananniya ce, ido ya wuce nan da nan. Idan baƙuwa ce, sai ya daɗe a kanta, ko ya koma baya. Ashe ke nan ba ido ne ke jan ƙafa ba, yana jiran ƙwaƙwalwa ne ta gane.

Wannan ne ya sa muke jan kunnen matasanmu game da masu tallar cewa za su koya musu karanta kalmomi dubu a minti ɗaya. Irin wannan talla ta daɗe. Tun 1959 wata mata mai suna Evelyn Wood ta buɗe irin wannan kwas a Amurka, yanzu kuma ya shigo cikin wayoyinmu. A 2016 wasu masana, cikinsu har da Keith Rayner, suka bi diddigin binciken da aka yi a kan lamarin, suka nuna cewa wanda ya ninka saurinsa sau biyu ko uku, fahimtarsa ce ke raguwa. A 2019 kuma Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara bincike 190, ya samu cewa babban mutum yakan karanta kalmomin Turanci kamar 238 a minti idan a zuci ne, 183 idan a bayyane ne. Wannan shi ne awo na gaskiya. Sauri na fitowa ne daga sanin kalmomi da yawan karatu, ba daga dabo ba. In ba haka ba, sauri ya haifi nawa.

Yanzu ga abin da muke ba da shawara a yi.

Na farko, a auna. Ba a cinikin hatsi babu mudu. A ba yaro littafi, a duba agogo, ya yi karatun minti ɗaya, a ƙirga kalmomin. Sa'an nan ya rufe littafin ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. In bai iya faɗa ba, to, ƙidayar ba ta da amfani. A rubuta sakamakon, a sake awo kowane wata.

Na biyu, a ba shi littafi daidai ƙarfinsa. Binciken da Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan ya yi da abokiyar aikinsa a 2000 ya nuna cewa mai koyon wani harshe yana bukatar sanin kalmomi kamar 98 cikin 100 kafin ya fahimci labari shi kaɗai. Saboda haka idan yaro yana tuntuɓe a kowane layi, littafin ya yi masa nauyi, a nemo mai sauƙi. Gara ya cinye ƙananan littattafai goma da ya yi wata uku yana kokawa da babba ɗaya. Baƙin kalmomin da ya gamu da su, ya ja musu layi, in ya kai ƙarshen shafi ya duba ƙamus.

Na uku, ya koyi karatun zuci. Mun taso da karatun allo, da murya da tsinke, kuma babu abin da ya fi shi wajen gyaran lafazi da hadda. Amma karatun jarrabawa wani fanni ne. Mai motsa leɓe ba zai wuce saurin bakinsa ba. Ya rufe baki, ya riƙa ɗaukar kalmomi uku ko huɗu masu tafiya tare a matsayin magana ɗaya. Idan ma'ana ta kuɓuce masa, ya koma baya, ba laifi ba ne; gwanaye ma suna komawa.

Na huɗu, ya leƙa kafin ya shiga. Mai sayen shanu yakan zaga kara tukuna kafin ya yi tayi. Wani malamin jami'a a Amurka, Francis Robinson, ya tsara wannan hanya a 1946: ka fara duba kanun babi da hotuna, ka yi wa kanka tambaya, ka karanta don neman amsa, ka rufe littafi ka faɗa da bakinka, daga baya ka maimaita.

Na biyar, kowane rubutu da irin tafiyarsa. Jarida ana iya bin ta da gudu. Takardar haya, ko ta filin da za ka saya, ko ta bashin banki, wannan kam sai a hankali, layi bayan layi, har sau biyu. Wannan magana ta shafe mu mu manya, don mutanenmu nawa ne suka sa hannu a takardar da ba su gane ba, aka ƙare a kotu?

Sai maganar Hausa. Yaranmu da yawa suna jin ta, amma ba sa iya karanta ta. Rubutun Hausa kuwa ya fi na Turanci bin lafazi, kuma yaron da ya saba gane labari da harshen da ya fi ji, yakan tafi da wannan sabo zuwa Turanci. Motocin da ke kawo mana kaya daga Kano da Zariya, me zai hana su riƙa zuwa da kwalin littattafai? Muna roƙon ƙungiya ta ware kanta ɗaya a ofishinta, yara su riƙa ara suna mayarwa.

Iyaye mata, kada wata ta ce ai ni ban yi boko ba. Naki aikin shi ne ki zaunar da shi minti 20 kullum, a kashe talabijin, a aje waya, in ya gama ki tambaye shi, "Me littafin ya ce? Don me mutumin ya yi haka?" Ko ba ki san baƙi ba, kin san labarin da ya haɗu da wanda bai haɗu ba. Idan kuma kin ga yana kai littafi dab da fuska, ko yana kukan ciwon kai, a kai shi asibiti a duba idonsa kafin a kira shi malalaci.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna fata kowane gida zai yi awon farko a wannan mako, in mun haɗu a taro na gaba mu ji inda aka kwana. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.