Yadda Kwamfuta Take Cigiyar Suna



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda kwamfuta take neman adireshi idan aka ba ta suna, da kuma dalilin da ya sa tsarin waɗanda take tambaya yake da muhimmanci ga duk wanda aka danƙa wa amanar na'urorin ofis.

Da farko, ya kamata a san cewa na'urori ba sa kiran juna da suna, sai da lamba. A tsohon tsari, adireshi lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255. Saboda haka idan ɗalibi daga Jabo ko Kebbe ya rubuta udusok.edu.ng, watau sunan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, dole ne a juya sunan zuwa lamba kafin saƙo ya tashi.

A zamanin ARPANET, wadda aka kafa a Amurka a 1969, littafi ɗaya ne tak ake dubawa, wani fayil mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar bincike ta SRI take kula da shi a ƙarƙashin Elizabeth Feinler. Kowa sai ya kwafo shi. Da na'urori suka yawaita, aikin ya fi ƙarfin ofis guda, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, wanda ya rarraba rajistar hawa-hawa. Har wa yau, kamfanin Sun ya kawo NIS, rajistar da na'urorin ma'aikata ɗaya suke tarayya a kanta. Majiya ta zama uku ke nan. To, wace za a fara tambaya?

Amsar da aka samu ita ce kada a bar wa kowace manhaja wannan hukunci. Aka mayar da shi cikin taskar ayyuka ta harshen C, wadda manhajoji suke dogara da ita. Kamfanin DEC ya fara gwada dabarar a tsarinsa na Ultrix, Sun ta faɗaɗa ta a Solaris 2 da sunan NSS, sa'an nan taskar GNU, wadda yawancin tsarukan Linux suke amfani da ita, ta ɗauke ta a fitowarta ta biyu a 1997.

Ga yadda abin yake gudana. Manhaja takan kira wani aiki mai suna getaddrinfo, ta miƙa masa suna. Taskar sai ta karanta fayil ɗin nsswitch.conf, inda kowane irin bincike yake da layinsa: na sunayen na'urori, na masu amfani da kwamfutar, na ƙungiyoyinsu. Idan layin ya ce "hosts: files dns", ma'anarsa a fara duba littafin gida, watau /etc/hosts, in ba a dace ba a tambayi DNS. Kowace majiya tana da ɗan sashenta da taskar take kira, don haka ana iya ƙara sabuwar majiya ba tare da an taɓa manhaja ko ɗaya ba.

Wannan bai bambanta da yadda baƙo yake cigiya a ƙasar Tambuwal ba. Yakan fara da mai masaukinsa, ya wuce wurin mai unguwa, daga nan sai dagaci, sai hakimi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in ya fahimci amsar da aka ba shi. Akwai bambanci tsakanin mai unguwar da ya ce babu mai wannan suna a unguwarsa, da mai unguwar da aka tarar ya yi tafiya. Na farko ya ba da shaida, na biyu kuwa ba a ji ta bakinsa ba.

Haka nan kowace majiya take mayar da ɗaya daga cikin amsoshi huɗu: an samu, an duba babu, majiyar ba ta samuwa, ko kuwa a sake gwadawa an jima. Bisa ƙa'ida, amsa ta farko ce kaɗai take tsayar da cigiya, sauran ukun kuwa sai a wuce gaba. Amma mai kula da na'ura yana da ikon sauya haka, alal misali ya rubuta cewa idan majiya kaza ta ce babu, to a tsaya nan, kada a tambayi kowa.

Abubuwa biyu suke biyo bayan wannan. Na ɗaya, wanda aka fara tambaya shi ne mai gaskiya a wurin na'ura, domin ba ta neman shaida ta biyu. Duk wanda ya sami damar ƙara layi ɗaya a littafin gida, yana iya karkatar da sunan banki ko na shafin biyan albashi zuwa wata na'urar bogi, akawu kuma ya shigar da lambar sirri alhali sunan da ke gabansa daidai ne. Na biyu, idan aka sa majiya mai nisa a gaba, a wurin da sadarwa take yawan yankewa, to kowace tambaya sai ta jira. Bisa ƙa'ida taskar GNU takan jira daƙiƙa 5 ga kowace uwar garke ta DNS, ta gwada sau 2, kuma tana karɓar uwar garke har 3. Sau da yawa akan zargi kwamfuta da tsufa, alhali kuwa sallama take yi a ƙofar gidan da ba kowa.

A taƙaice, wajibi ne jami'in da ke kula da na'urori ya san abin da layin nan ya ƙunsa, ya hana kowa taɓa littafin gida sai mai izini, ya kuma riƙa gwadawa da umarnin getent, wanda yake bin hanyar da manhajoji suke bi, ya nuna amsar da za su samu.